Mai da Kitse a Abinci: Dangantakarsu da Kumburi da Lafiyar Zuciya

A farkon shekarar 1971, shugabannin lardin Kareliya ta Arewa da ke gabashin ƙasar Finlan suka aika wa gwamnatin ƙasarsu takardar koke, suna neman a kawo masu ɗauki cikin gaggawa. Abin da ya tayar masu da hankali shi ne yadda mazajen lardin suke faɗuwa suna mutuwa da ciwon zuciya, da yawansu ba su cika shekara hamsin ba, su bar mata da ƙananan yara. A wancan lokaci lardin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan mace-mace ta wannan hanya. Abin da ya ƙara ɗaure wa mutane kai kuwa, waɗannan mazaje ba cima-zaune ba ne. Manoma ne da masu saran itace a daji, waɗanda suke yini suna aikin ƙarfi cikin tsananin sanyi.

Masana sun riga sun hango inda gizo ke saƙar. Tun a 1958 wani masanin Amurka mai suna Ancel Keys ya fara bin diddigin abinci da lafiyar maza fiye da 12,000 a ƙasashe bakwai, cikinsu har da Finlan da Girka. Binciken ya nuna cewa mutanen gabashin Finlan suna samun fiye da kashi 20 cikin ɗari na kuzarin abincinsu daga irin man nan mai daskarewa, watau na madara da man shanu da nama mai kitse. Mutanen tsibirin Kirit na ƙasar Girka su ma suna cin mai sosai, har kusan kashi 40 cikin ɗari na kuzarin abincinsu, amma galibinsa man zaitun ne, kuma ciwon zuciya bai dame su ba kamar yadda ya addabi mutanen Finlan. Ke nan irin man da mutum ke ci yana da muhimmanci fiye da yawansa kawai. Binciken shekarun da suka biyo baya ya bayyana dalili, ya kuma nuna rawar da kumburi ke takawa a tsakanin tukunya da zuciya.

Mai Iri-iri Ne

Da farko ya kamata a san cewa jiki ba ya rayuwa sai da mai. Da shi ake gina fatar kowace ƙwayar halitta ta jiki, kuma sai da shi hanji ke iya tsotsar bitamin A da D da E da K. Haka nan mai shi ne rumbun kuzari, domin giram ɗaya nasa yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 yake bayarwa. A 1929 George Burr da matarsa Mildred suka nuna cewa ɓerayen da aka hana wa mai gaba ɗaya sukan tsumbure, fatarsu ta lalace, daga nan aka gane cewa akwai wasu nau'o'in mai da jiki ba ya iya ƙera su da kansa, tilas ne a same su daga abinci.

Kowane mai ya ƙunshi wasu dogayen sarƙoƙi na sinadarin kabon, waɗanda haidurojin ke maƙale a gefensu. Idan sarƙa ta ɗauki iyakar haidurojin da za ta iya ɗauka, sai ta miƙe sambal, shi ne ake kira ƙosasshen mai. Idan kuwa akwai gurbin da haidurojin bai cika ba, sai sarƙar ta lanƙwashe a wannan wuri. Duk wanda ya taɓa ɗaure karan dawa ya san cewa miƙaƙƙun karare su ne ke jeruwa su matsu, karkatattu kuwa sai su bar rata a tsakaninsu. Wannan ne ya sa man shanu da kitsen rago suke daskarewa da hunturu, man waken suya kuwa yana nan ruwa-ruwa.

Saboda haka masana suka kasa mai gida uku: ƙosasshe, da mai lanƙwasa ɗaya irin wanda ya fi yawa a man zaitun da man gyaɗa, da mai lanƙwasa da yawa irin na man riɗi da man waken suya da na kifi. Wannan kashi na ƙarshe ya rabu gida biyu, omega-6 da omega-3, gwargwadon inda lanƙwasar farko take a jikin sarƙar. Abin lura a nan shi ne, babu man girkin da yake iri ɗaya zalla. Kowanne gauraye ne, sai dai wani kashi ya rinjaya.

Mene Ne Kumburi?

Idan ƙaya ta soki mutum a ƙafa, wurin yakan yi ja, ya ɗauki zafi, ya tashi, ya yi raɗaɗi. Waɗannan alamomi huɗu wani marubucin Rum mai suna Celsus ya zayyana su tun ƙarni na farko. Abin da ke faruwa shi ne, magudanan jinin wurin sun buɗe, fararen ƙwayoyin jini sun kawo ɗauki domin su cinye ƙwayoyin cuta, su share matattun nama. Da zarar aiki ya ƙare sai su janye, rauni ya warke. Irin wannan kumburi rahama ce.

To amma akwai wani irin kumburi na ɓoye, wanda ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi, yana ci a hankali shekara da shekaru kamar wutar da ke ƙarƙashin toka. Ba a gane shi sai da awon jini, musamman awon wani furotin da ake kira CRP, wanda hanta ke ƙara fitarwa idan akwai kumburi a jiki. A 1997 Paul Ridker da abokan aikinsa a birnin Boston suka nuna cewa lafiyayyun mazan da wannan furotin ya yi yawa a jininsu sun fi sauran haɗarin gamuwa da bugun zuciya a shekarun da ke gaba.

Abin da Ke Faruwa a Bangon Jijiya

Mai da ruwa ba su gauraya, shi kuwa jini galibinsa ruwa ne. Don haka jiki yakan ƙunsa kolestarol a cikin wasu 'yan ƙananan ƙunshi kafin ya sa shi a jini. Wanda ya fi ɗaukar kaya a cikinsu shi ne LDL. Hanta tana da wasu ƙugiyoyi a jikin ƙwayoyinta da take kamo LDL da su, ta fitar da shi daga jini. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano waɗannan ƙugiyoyi, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 1985. Yawan cin ƙosasshen mai yana rage aikin ƙugiyoyin, sai LDL ya taru a jini. Mai lanƙwasa da yawa kuwa akasin haka yake yi.

Idan LDL ya yawaita, wani sashe nasa yakan kutsa cikin bangon jijiyar jini ya maƙale, a can iskar oksijin ta gurɓata shi. Jiki sai ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu, ya aika da fararen ƙwayoyin jini kamar yadda yake aika wa ƙaya. Wasu daga cikinsu, waɗanda ake kira makurofaj, watau manyan macinya, sukan haɗiye shi har su cika su mutu a wurin, kafin su mutu kuma sun saki sinadaran kiran 'yan'uwansu. Da yake wani LDL ɗin yana ta shigowa, aikin ba ya ƙarewa. A hankali tulin maiƙo da matattun ƙwayoyi ya taru a ƙarƙashin wani murfi na nama. Kumburin yakan ci murfin har ya yi siriri, ranar da ya yage sai jini ya daskare a wurin, ya toshe hanya. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ce, shi ne bugun zuciya. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki.

Tun 1913 Nikolai Anichkov na ƙasar Rasha ya haddasa irin wannan tuli a jijiyoyin zomaye ta hanyar ciyar da su kolestarol. Amma hujjar cewa shi kansa kumburin yana da hannu a bugun zuciyar ɗan Adam ba ta samu ba sai a 2017, lokacin da aka bayyana sakamakon wani gwaji mai suna CANTOS. An ɗauki mutum 10,061 waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu ya yi sama, aka yi wa wasunsu allurar maganin da ke toshe ɗaya daga cikin sinadaran kumburi. Maganin bai taɓa kolestarol ba, amma ya rage sake aukuwar cutar da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Sai dai an sami ƙarin mace-mace daga cututtuka masu kama jiki a tsakanin waɗanda aka yi wa allurar, abin da ke tunatarwa cewa kumburi garkuwa ne, ba a danne shi a kwashe lafiya ƙalau.

Kitsen Tumbi da Ciwon Sukari

A da an ɗauka kitsen jiki ma'aji ne kawai. A 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka gano cewa kitsen ɓerayen da suka yi ƙiba yana fitar da wani sinadarin kumburi mai suna TNF, wanda ke hana insulin aikinsa. Insulin shi ne ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. A 2003 kuma aka nuna cewa makurofaj suna yin dafifi a cikin kitsen mai ƙiba. Kitsen da ya fi wannan ɓarna shi ne na cikin ciki, wanda ke kewaye da hanji, domin abin da yake fitarwa kai tsaye yake zarcewa hanta. Ta haka ne teɓa da maiƙon hanta da ciwon sukari irin na manya suke tafiya tare.

Babban abin da ke tara wannan kitse shi ne cin abin da ya fi ƙarfin buƙatar jiki, ko daga mai ya fito ko daga sukari da sitaci. Duk da haka irin man yana da tasa rawar. A wani gwaji da Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ta wallafa a 2014, an ba matasa 39 kek a kan abincinsu na kullum har mako bakwai. Na wasu an yi shi da tataccen man kwakwar manja, na wasu kuma da man furen rana. Dukkan ɓangarorin sun ƙara nauyi daidai da juna, amma waɗanda suka ci ƙosasshen man sun fi tara kitse a hanta da cikin ciki.

Omega-3 da Omega-6

Daga mai lanƙwasa da yawa jiki ke ƙera wasu 'yan aike da ke kunna kumburi ko su kashe shi. Binciken da aka yi a kansu ne ya sa aka ba Sune Bergström da Bengt Samuelsson da John Vane lambar Nobel a 1982, kuma Vane ne ya gano cewa asfirin yana rage ciwo ne ta hanyar hana ƙera wasu daga cikinsu. Daga baya, a farkon wannan ƙarni, Charles Serhan ya gano cewa daga omega-3 na kifi jiki yana yin wasu sinadarai da aikinsu shi ne sallamar fararen ƙwayoyin jini idan yaƙi ya ƙare.

Sha'awar man kifi ta samo asali ne daga tafiyar da likitocin Denmak biyu, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka yi zuwa Girinlan a 1970, inda suka auna jinin mutanen Inuwit masu rayuwa a kan kifi da dabbobin teku. Sun tarar da omega-3 mai yawa a jininsu. Amma ba su auna yawan ciwon zuciya da kansu ba, sun dogara ne da rahotannin da suka tarar, waɗanda aka soki ingancinsu daga baya. Gwaje-gwajen ƙwayoyin man kifi ma sun zo da sakamako mabambanta. A 2018 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa giram ɗaya a kullum bai yi wa lafiyayyun mutane wani tasiri na a zo a gani ba. Abin da masana suka fi amincewa da shi shi ne cin kifin kansa, kamar sau biyu a mako.

Akwai kuma wata magana da ta yaɗu cewa man tsirrai mai omega-6 yana hura wutar kumburi, tunda daga danginsa ake ƙera wasu 'yan aiken kunnawa. A takarda maganar tana da kama hankali, amma da aka gwada a jikin mutane, ƙara irin wannan mai a abinci bai ɗaga CRP da sauran alamomin kumburi ba, domin ɗan kaɗan ne ƙwarai jiki ke juyawa zuwa wancan sinadari. A 2017 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ta bayyana cewa maye gurbin ƙosasshen mai da man tsirrai mai lanƙwasa da yawa yana rage cututtukan zuciya da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Wanda kuwa ya rage mai ya cike gurbinsa da sukari da farin fulawa, bai tsira da komai ba.

Man da Masana'anta Ta Daskarar

A 1902 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Normann ya yi rajistar wata dabara ta cusa haidurojin a cikin man tsirrai domin ya daskare. Irin wannan mai ba ya saurin lalacewa, ga araha, don haka ya mamaye masana'antun biskit da kek da botar gwangwani. Sai dai dabarar tana haifar da wata sarƙa da ake kira tirans, wadda ba ƙosasshiya ba ce amma miƙaƙƙiya ce. A 1990 Ronald Mensink da Martijn Katan na ƙasar Holan suka nuna cewa tana ɗaga LDL, tana kuma rage HDL, watau ƙunshin da ke mayar da kolestarol zuwa hanta. An kuma danganta ta da hauhawar alamomin kumburi. A 2003 Denmak ta zama ƙasa ta farko da ta ƙayyade ta da doka, kada ta wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da ita daga abinci baki ɗaya, kuma a 2023 Nijeriya ta ƙaddamar da irin wannan ƙa'ida ta giram 2 a ƙarƙashin hukumar NAFDAC.

Yadda Ta Kaya a Kareliya

Koken 1971 bai faɗi ƙasa banza ba. A 1972 aka kafa shiri na musamman a lardin, aka damƙa shi a hannun wani matashin likita mai suna Pekka Puska. Shi da abokan aikinsa suka bi ƙauyuka da shaguna da masana'antun abinci, suka haɗa kai da ƙungiyar matan gida ta Martta wajen koyar da girki da man tsirrai da kayan lambu. Aka ƙarfafa wa manoma gwiwa su noma 'ya'yan itatuwa, aka kuma bunƙasa man wani tsiro dangin mustad da ke jure sanyin ƙasar. A 1977 aka faɗaɗa shirin zuwa duk ƙasa. Cikin shekara arba'in, mutuwar mazan da ke cikin shekarun aiki sanadin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a lardin. Raguwar shan taba da gishiri da ingantuwar magani duk sun taimaka, amma nazarin masanan ƙasar ya nuna cewa saukar kolestarol ce ta ɗauki kaso mafi tsoka, ita kuwa ta biyo bayan sauya mai ne.

Mai a Tukunyar Gida

Mai karatu zai so ya san inda man da ake girki da shi a ƙasar Hausa ya faɗa. Man gyaɗa da man riɗi da man waken suya duk marasa ƙoshi ne suka rinjaya a cikinsu, ƙosasshen bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Manja kusan rabinsa ƙosasshe ne, amma jan launinsa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda ake asararsa idan aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe. Man alayyadi ya fi kowanne ƙoshi, ya haura kashi 80 cikin ɗari. Man shanu kusan kashi biyu cikin uku. Man kaɗe kuwa, ko da yake yana daskarewa, galibin ƙosasshen da ke cikinsa irin wanda ba ya ɗaga LDL ne sosai. Omega-3 ya fi samuwa a kifin teku mai maiƙo, irin su taitus da shawa da sadin na gwangwani.

Wani zai ce ai Fulanin daji sun tashi a kan nono da man shanu, ba a kuma san su da ciwon zuciya ba. An bincika wannan. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da suka yi a kan Fulani makiyaya a tsaunukan Jos, inda suka tarar kusan rabin kuzarin abincinsu daga mai yake, rabin man kuma ƙosasshe ne, amma kolestarol ɗin jininsu bai yi sama ba. Masu binciken sun danganta haka da ƙarancin jimillar abincin da suke ci da yawan zirga-zirgarsu, ga su ba su da ƙiba. Ma'aikacin ofis da ke yini a kujera, ya koma gida a mota, ba zai auna kansa da wanda ke bin shanu tun safe har yamma ba.

Akwai kuma batun man suya. Man da aka yi ta maimaita suyar ƙosai ko awara ko doya da shi yakan ruɓe a sinadarance, ya haifar da abubuwa masu illa ga ƙwayoyin jiki. Alamarsa ita ce ya yi duhu, ya yi kauri, ya riƙa kumfa da saurin hayaƙi. Idan ya kai haka, zubar da shi ya fi araha a kan jinya.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2023 ita ce, kada mai ya wuce kashi 30 cikin ɗari na kuzarin abincin baligi, ƙosasshe kada ya wuce kashi 10, tirans kuwa kada ya wuce kashi 1. Ma'aunin kashi 30 ɗin na manya ne. Jarirai suna buƙatar mai ƙwarai domin ginin ƙwaƙwalwa, shi ya sa kusan rabin kuzarin nonon uwa daga mai yake, saboda haka ba a tauye wa ƙaramin yaro mai da sunan kare zuciya. Ga magidanci da uwargida kuwa, abin yi shi ne a mayar da man gyaɗa ko na riɗi ko na waken suya man yau da kullum, manja da man shanu a sa su daidai ɗanɗano, a yanke kitsen nama, a yawaita wake da gyaɗa da ganye da kifi, a lura da awon miya domin babban cokali ɗaya na kowane mai yana da kalori kusan 120. Wanda yake da hawan jini ko ciwon sukari, ko wani nasa na jini ya taɓa samun bugun zuciya da ƙuruciya, ya kamata ya je asibiti a auna masa kolestarol, ya kuma riƙe maganin da likita ya ɗora shi a kai, domin gyaran abinci yana taimaka wa magani ne, ba ya maye gurbinsa.